Umaru ɗan Abdul'azizu, Halifan da ya Sauke Kaya

 In aka tada zancen gudun duniya a fada ana shan shayi, ba a rasa wanda zai yi dariya ya ce ai mu duniyar ce ta guje mu tun ba mu guje ta ba. Kuma gaskiya gare shi. Wanda bai da kuɗin kabu-kabu, mi zai bari? Shi ya sa nike so ka san wani mutum da duniya ta zo ma har cikin ɗaki da dawakinta da gonakinta da turarenta, ya dube ta ya mayar da ita inda ta fito. Malik ɗan Dinar, malamin Basra da ya yi suna wajen zuhudu, an ruwaito ba ya yarda a kira shi mai gudun duniya. A ganinshi sunan ya dace da mutum guda, Umaru ɗan Abdul'azizu, don shi ne ya samu ya bari.

An haife shi a farkon shekarun 60 na hijira, wajen 681 miladiyya, cikin gidan Banu Umayya da ke riƙe da daular Musulunci a lokacin. Kakanshi Marwan ɗan Hakam halifa ne. Ubanshi Abdul'azizu ya yi shekara kusan 20 yana gwamnan Masar. Baffanshi Abdulmalik shi ne halifan da ya buga kuɗin zinariya na Musulunci, dinari, ya kuma gina Ƙubbatus Sakhra a birnin Ƙudus. Ta wajen uwa kuwa wani jini ne daban. Mahaifiyarshi Ummu Asim ɗiyar Asim ce, ɗan Umaru ɗan Khaɗɗabi, Allah ya yarda da shi. Ƙila ka san labarin yarinyar nan mai saida nono da Sayyadina Umaru ya ji cikin dare tana ƙin umurnin uwarta na a zuba ma nonon ruwa, ya sa ɗanshi Asim ya aure ta. To ita ce kakar wanga da muke zance.

Yana yaro wata dabba ta harbe shi a goshi, tabon ya zauna har ƙarshen ranshi, har ya zama laƙabinshi cikin dangi. Ubanshi ya aike shi Madina karatu, ya danƙa shi ga Salihu ɗan Kaisan. Nan ya haddace Alƙur'ani, ya zauna gaban manyan malaman garin irin su Ubaidullahi ɗan Abdullahi ɗan Utba. Wata rana ya makara sallar jam'i, malaminshi ya tambaye shi dalili, ya ce ana gyara mashi gashi ne. Malam ya rubuta ma uban a Masar, uban ya aiko manzo, manzon bai yi magana da yaron ba sai da ya aske kan ƙwal.

Askin bai raba shi da son ado ba. Kar ka ɗauka an haifi Umaru da tsohuwar riga. Saurayi ne ɗan gayu na ƙarshe. Masu tarihi sun kawo cewa in ya bi ta hanya, ƙanshin turarenshi kan daɗe a wurin bayan ya wuce, kuma yana da wata tafiya ta ƙasaita da ƴan matan Madina suka dinga kwaikwayo har aka laƙaba mata sunanshi. A kan sayo mashi tufa ta ɗaruruwan dirhami ya shafa ya ce tana da kaushi. Da ubanshi ya rasu wajen 705, baffanshi Abdulmalik ya kira shi Dimashƙa ya aura mashi ɗiyarshi Faɗima. Ka riƙe sunan wagga mata, don rabin labarin nata ne. Kakanta halifa, ubanta halifa, ƴan uwanta huɗu, Walid da Sulaiman da Yazid da Hisham, duk sun yi halifanci, mijinta ma ya zo ya yi.

A shekarar 87 ta hijira, 706 ke nan, Walid ya naɗa shi gwamnan Madina yana da shekara 25. Ya shigo gari kayanshi bisa raƙuma 30. Amma abin da ya fara yi ya nuna cewa ƙarƙashin turaren akwai wani mutum. Ya kira malamai goma na garin, cikinsu da Urwa ɗan Zubair, da Ƙasim ɗan Muhammad, da Salim ɗan Abdullahi, da Kharija ɗan Zaid, ya mai da su majalisar shawararshi, ya roƙe su duk zaluncin da suka gani daga ma'aikatanshi su kawo mashi. A hannunshi aka faɗaɗa masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bisa umurnin Walid. Mutanen da ke gudun takobin Hajjaj a Iraƙi suka dinga kwararowa Hijaz don sun san nan ba mai taɓa su. Abin ya ɓata ma Hajjaj rai, ya kai ƙara, a shekarar 93 aka sauke Umaru.

Akwai wani abu na zamanin Madina da masu wa'azi ba su cika faɗi ba, ni kuwa ina ganin in ba a faɗe shi ba, ba za a gane sauran ba. Walid ya aiko da umurni a yi ma Khubaib ɗan Abdullahi ɗan Zubair bulala. Umaru ya zartar. Aka yi mashi bulala 50, aka zuba mashi ruwa a ranar sanyi, aka tsaida shi ƙofar masallaci, mutumin ya mutu. Umaru bai taɓa warkewa daga wanga rana ba. An ruwaito har bayan ya zama halifa, in aka yaba mashi wani aikin alheri, sai ya tuna ma mai yabon da Khubaib. Ya ɗanɗana yadda kujera ke sa mutumin kirki ya aikata abin da ba ya so, ya ga gawar da ido. Tsoron da ya riƙe shi daga baya, daga nan ya faro.

Bayan Walid, Sulaiman ya hau a 715, ya jawo Umaru kusa a matsayin mai ba shi shawara. A shekarar 99, wato 717, Sulaiman ya kwanta ciwon ajali a Dabiƙ, arewacin Sham, rundunarshi na kewaye da birnin Kustantiniya. Ɗan da ya shirya ma gado ya riga shi mutuwa, wani yana fagen yaƙi. Malamin fada Raja'u ɗan Haiwa ya ba shi shawarar Umaru. Aka rubuta wasiyya aka like, aka sa dangi suka yi mubaya'a ga sunan da ke ciki ba tare da sun gani ba. Don ɗiyan Abdulmalik su haƙura, aka sa Yazid ya zama mai bi mashi. Da aka buɗe takarda, Hisham ya fusata don an tsallake su, Umaru kuwa aka ce sai da aka kama shi aka kai shi mumbari don ƙafafunshi sun ƙi ɗaukar shi. Ya shaida ma jama'a cewa an ɗora mashi abin ba da shawararshi ba, ya sake su daga mubaya'ar su zaɓi wanda suke so, jama'a suka ce shi suke so.

Ana gama jana'izar Sulaiman aka jawo dawakin halifa da sirdunansu. Ya ce a kawo mashi alfadararshi. Dawakin aka saida, kuɗin ya shiga baitulmali. Dogarin da ya zo zai yi gaba da mashi kamar yadda aka saba, ya ce ya kauce. Shimfiɗu da tantunan da aka tanadar ma sabon halifa, da turaren da ba a taɓa ba, duk suka bi hanyar dawaki.

Wanga duka mai sauƙi ne, ɗan uwa, ko yau sabon shugaba kan yi irin haka makon farko don a ɗauki hoto. Mai wuyar ita ce gona. Banu Umayya sun shekara da shekaru suna yanka ma kansu filaye da gonaki da rijiyoyi, wasu na jama'a, wasu ƙwace daga hannun masu su. Umaru ya ƙudurta mayar da duk abin da aka ci ba bisa haƙƙi ba, kuma ya fara da aljihunshi. Ya duba takardun gonakin da ya gada ɗaya bayan ɗaya, wadda asalinta bai kwanta mashi ba ya yaga takardar. Har da Fadak, dausayin dabinon nan na Hijaz da ke hannun Annabi, wanda ya bi ta hannun Marwan ya sauko har gare shi. Ya cire ta daga dukiyarshi ya mayar da ita kan yadda take tun farko. Ya riƙe wata ƴar gona a Suwaida da ya tona ma ruwa da kuɗin kanshi. An ƙiyasta abin da ke shigo mashi a shekara kafin halifanci da dinari 40,000, bayan ya gama tankaɗe ya koma wajen 400. Dinari guda giram 4 ne da ɗan ɗori na zinariya. Ka yi lissafin da kanka: daga kilo 170 ya sauko ƙasa da kilo 2, ga mata, ga ɗiya fiye da goma. Mun saba ganin mutum ya hau kujera da jaka guda ya sauka da tirela. Wanga ya shigo da raƙuma 30.

An ce ranar farko, bayan ya kwana bai runtsa ba wajen jana'iza, ya so ya ɗan kishingiɗa kafin azahar sannan ya zauna sauraren ƙararraki. Ɗanshi Abdulmalik, saurayi da bai kai shekara 20 ba, ya shigo ya tambaye shi wa ya ba shi tabbacin zai kai azahar ɗin. Uban ya sumbaci goshinshi, ya tashi, ya sa aka yi shela duk mai haƙƙi ya zo. Amma a wani karon da yaron ya matsa a gama komi lokaci guda ko da tukunya za ta tafasa da su, uban ya taka mashi birki. Ya tuna mashi giya ma ba a haramta ta rana guda ba, kuma yana tsoron in ya ɗora ma mutane gaskiya gaba ɗaya su ture ta gaba ɗaya. Mu matasa mun fi son labarin farko. Na biyun ma namu ne.

Sai ya juya ga Faɗima. Tana da kayan ado na lu'ulu'u da ubanta ya ba ta, irin da ba a taɓa gani ba. Ya ba ta zaɓi, ko kayan su tafi baitulmali, ko ya sawwaƙe mata ta koma gidansu da kayanta, don shi da su ba za su kwana ɗaki guda ba. Ta zaɓe shi. Ƴar uwa, ki tsaya nan ki duba da kyau. Ba a ƙwace mata ba, kuma ƙofar gidan ƴan uwanta masu mulki a buɗe take. Mace ce da ta tashi bayi na ɗaukar mata takalmi, ta koma tana ɗinkin tufafinta tana kwaɓa ƙullu da hannunta. An kawo labarin wata baƙuwa da ta zo daga Iraƙi neman taimako, ta shiga gidan halifa ta ga ba komi ciki, har ta yanke ƙauna, ta kuma ga wani ma'aikaci yana gyaran bango yana kallon uwar gida, ta ce ma Faɗima ta yi lulluɓi, ashe maigidan ne. Idan ana zancen zuhudun Umaru a manta da Faɗima, an yi mata rashin adalci. Shi aƙalla yana da mumbari da suna. Ita tata sadaukarwar cikin gida ta yi ta, inda ba mai tafi.

Dangi ba su ji daɗi ba, kuma wa zai ji? Ya yanke masu kuɗaɗen da suka saba amsa, ya ce su tsaya layi guda da sauran Musulmi. Suka turo mashi gwaggonshi Faɗima ɗiyar Marwan, tsohuwar da halifofi ke sauka don girmama ta. Ya tarbe ta da ladabi, ya kwatanta mata dukiyar jama'a da kogin da Annabi ya bari kowa na sha, waɗanda suka biyo baya suka dinga jan rafi zuwa gonakinsu har uwar kogin ta ƙafe, ya ce niyyarshi ya toshe rafukan. Ta gargaɗe shi da fushin dangi. Ya nuna mata cewa akwai ranar da ya fi tsoro. Tsohuwa ta koma ta shaida ma ƴan uwanta cewa su suka jawo ma kansu, tunda suka auro jikar Umaru ɗan Khaɗɗabi. Duk wanda ya taɓa riƙe kes ɗin ƙungiya ya san ba baƙo ke da wuyar hanawa ba. Ɗan ɗakinku ne, da gwaggo, da wanda ya biya maka kuɗin lakol.

Labaran tsantseninshi da dukiyar jama'a suna da yawa, ga kaɗan. Yana aiki da dare da fitilar baitulmali, manzo daga wani lardi ya gama rahoto ya fara tambayar lafiyar iyali, sai ya hure fitilar ya sa a kunna tashi. An kawo almiski na ganima ana aunawa, ya toshe hanci, don amfanin almiski ƙanshi ne kuma ƙanshin ba nashi ba ne. Ya gane baranshi na ɗuma mashi ruwan alwala a murhun da ake dafa abincin talakawa, ya lissafa kwanakin ya sayi itace ya mayar. An kawo mashi tsarabar da yake marmari bisa dabbobin kai saƙon gwamnati, ya sa aka saida aka zuba kuɗin a baitulmali. Wani zai ce abin ya yi yawa, mi ke cikin ɗumin ruwa? Ni ma ban ce kowa zai iya ba. Amma ka canza sunayen kayan ka gani: motar aiki da ke kai madam kasuwa, bon ɗin isansi da ke ƙarewa a tankin ƙane, takardar buro da ake buga katin biki da ita. Ba wanda ke kiran waɗannan sata, kuma daga nan ake farawa. Umaru ya ja layin tun daga itacen murhu don ya san halin ranshi. Shi da kanshi ya siffanta ran nan da mai kwaɗayi, wanda duk abin da ya samu sai ya hango na sama da shi, ya so gwamna ya samu, ya so halifanci ya samu, sai ya koma kwaɗayin abin da ya fi su.

Raja'u ɗan Haiwa ya taɓa yi ma kayan da ke jikin halifa kuɗi, daga rawani da hula har riga da wando da huffi, ya samu dirhami 12. Mutumin da a da ke sayo mashi tufa mai tsada ya ce tana da kaushi, shi ne ya sayo mashi ta ƴan dirhamai ya ji yana yaba laushinta, har mutumin ya kasa riƙe dariya. Wata rana kuma ya shiga gaida ɗiyanshi mata da dare ya ga suna rufe baki suna ja da baya. Aka gaya mashi ba su samu abin ci ba sai ƙananan waken da Larabawa ke kira adas, da albasa, ba su so ya ji warin. Ya yi kuka.

Yanzu ga wurin da nike so mu fahimci juna. Akwai wani irin wa'azin wadatar zuci da mai ƙoshi ke yi ma mai yunwa. Ya fito daga gida mai bene ya ce ma wanda rumbunshi ya ƙare tun kafin damina ya yi haƙuri da abin da Allah ya ba shi. Umaru ya kifar da abin. Ƙuncin ya ɗora ma kanshi da gidanshi, yalwar ya tura ƙasa. Gwamnoninshi ma bai matse su ba, yana biyan su albashi mai kauri, ɗaruruwan dinari, don kar buƙata ta kai hannunsu ga dukiyar jama'a. Ya yanka ma guragu da makafi abin rayuwa, ya biya ma masu bashi bashinsu, ya sa a gina masaukai a hanyoyin Khurasan inda matafiyi zai kwana ya ci, a kula da dabbarshi.

Babban aikinshi shi ne na jiziya. Kafin shi, waɗanda ba Larabawa ba in sun musulunta, wasu gwamnoni kan ci gaba da karɓar jiziya a hannunsu don kar kuɗin shiga su ragu. Daga Khurasan aka kawo mashi ƙara cewa mutum 20,000 daga cikinsu na yaƙi tare da runduna ba albashi ba rabo. Ya ba da umurni duk wanda ya musulunta a sauke mashi jiziya, ya kuma sauke gwamnan, Jarrah ɗan Abdullahi. Mai kula da harajin Masar ya rubuto yana kukan cewa musuluntar mutane na ɓata lissafi, Umaru ya mayar mashi da amsa mai zafi, ya tuna mashi an aiko Annabi don shiriya, ba a aiko shi tara haraji ba. Ka ga daula ma ya koya mata sakin abin da ba nata ba. Rundunar da ke kewaye da Kustantiniya, wadda yunwa da sanyi suka cinye, ya aika mata abinci da dawaki ya umurci kwamandanta Maslama ya dawo da ita gida a 718, ya haƙura da sunan wanda ya ci birnin Rumawa. Ya hana zagin Sayyadina Aliyu a mumbari, al'adar da ta daɗe a gidansu, ya sa ayar Suratun Nahli mai umurni da adalci da kyautatawa a madadinta. Ayar da kake ji liman na rufe huɗuba da ita ranar Juma'a, daga nan abin ya samo asali.

Akwai kuma abin da ya taɓo mu kai tsaye. A shekarar 100 ya naɗa Isma'ila ɗan Ubaidullahi gwamnan Ifriƙiya, wato Tunusiya ta yau da kewayenta, ya tura malamai goma daga tabi'ai zuwa Ƙairawan su koyar da Barbar addini. Ƙairawan ɗin nan ita ce daga baya ta zama cibiyar mazhabar Malikiyya, daga can Risala ta fito, littafin da ake karantawa a zaurukan Damagaram da Maraɗi da Tawa har gobe. Shi ne kuma ya rubuta ma Abubakar ɗan Hazm a Madina ya tattara hadisai a rubuce don tsoron kar ilimi ya tafi da tafiyar malamai. Imamu Malik ya kawo hukunce-hukuncenshi da dama cikin Muwaɗɗa, kuma almajirin Malik, Abdullahi ɗan Abdulhakam na Masar, shi ya rubuta ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan tarihinshi.

A cikin wanga littafi ne aka kawo labarin mai tara zakka a Ifriƙiya da ya nemi matalaucin da zai ba ya rasa, sai ya sayi bayi ya ƴanta. Wasu ma sun ƙara da cewa kura da tumaki sun yi kiwo tare a zamaninshi. Ƙauna kan ƙara ma labari gishiri, wannan sananne ne, kuma ba sai ka yarda da kura ba kafin ka yarda da mutumin. Abin lura shi ne yawancin tarihin nan an rubuta shi zamanin Abbasiyawa, waɗanda suka kifar da Banu Umayya kuma ba su bar wani aibi nasu ba su faɗa ba. Duk da haka shi kaɗai suka ware. Malamai da yawa suka lissafa shi na biyar bayan halifofi shiryayyu huɗu, suka kuma ɗauke shi mujaddadin ƙarni na farko.

Shekarunshi na mulki ba su zo mashi da sauƙi ba. Cikin ɗan lokaci ya binne ɗanshi Abdulmalik, da ɗan uwanshi Sahl, da baranshi Muzahim, mutum ukun da ya fi jingina gare su. Jikinshi ya rame har waɗanda suka san shi a Madina ba su gane shi. Faɗima ta ba da labarin cewa akwai waɗanda suka fi shi yawan salla da azumi, amma ba ta ga wanda ya fi shi tsoron Ubangijinshi ba. Yakan zauna bayan isha'i yana tuna mai yunwa da mara lafiya da fursuna da tsoho mai yawan iyali a lungunan daular, yana kuka don ya san za a tambaye shi su ɗaya ɗaya.

Ya kwanta ciwo a Dair Sam'an, kusa da Ma'arratun Nu'uman a ƙasar Sham. Ruwayoyi da dama sun ce guba aka sa mashi ta hannun wani bawanshi da aka biya dinari 1,000. Ya kira bawan, ya amshi kuɗin ya sa a baitulmali, ya ce mashi ya gudu inda ba mai ganin shi. Maslama, ɗan uwan Faɗima, ya zo dubiya ya ga rigar halifa ta yi datti, ya ce ma ƴar uwarshi a wanke. Ya dawo ya tarar da ita yadda take, ya yi faɗa, Faɗima ta shaida mashi ba ya da wata da zai sa kafin wannan ta bushe. Maslama ya roƙe shi ya bar ma ɗiyanshi wani abu, ko ya yarda shi ya ɗauki nauyinsu. Umaru ya sa aka tara mashi su, ya dube su idanunshi suka cika, ya gaya masu bai hana su haƙƙinsu ba kuma ba zai ba su haƙƙin wani ba, ya bar su ga Allah. Wurin kabarinshi ma sayen shi ya yi daga hannun masu gidan ibadar Kiristan da ke wurin, bai yarda a ba shi kyauta ba.

Ya rasu a watan Rajab na shekarar 101, Fabrairun 720, bai cika shekara 40 ba. Mulkin nashi duka shekara 2 ne da wata 5, bai kai lokacin da ɗalibi ke yi kafin ya samu lisans ba. Ruwaya mafi shahara ta ce ya bar dinari 17. Aka yi likkafani da 5, aka biya kabari da 2, sauran aka raba ma magada, kowane ɗa namiji ya tashi da dirhami 19. Shekaru bayan haka, wani malami ya ba halifa Mansur labarin cewa ya ga ɗaya daga cikin ɗiyan Umaru ya ba da dawaki 100 a rana guda don yaƙi fi sabilillahi, ya kuma ga ɗaya daga ɗiyan Hisham, waɗanda kowanensu ya gaji dukiya mai tarin yawa, ana ba shi sadaka.

Gyaran bai daɗe ba. Yazid da ya gaje shi ya canza gwamnoni, harajin da aka sauke ya dawo a wurare da dama, dangi suka koma ma rafukansu. Shekara 30 bayan rasuwarshi, a 750, daular Banu Umayya ta faɗi, kuma fushin waɗanda aka ci gaba da tatsa a Khurasan na cikin abin da ya kada ta. Masu tarihi sun kawo cewa mayaƙan Abbasiyawa sun tone kaburburan sarakunan gidan, amma na Dair Sam'an ba su taɓa shi ba.

Yazid na hawa, ya aika ma ƴar uwarshi Faɗima cewa kayan adonta na nan a baitulmali yadda aka ajiye su, in tana so a mayar mata. Ta ƙi amsa. Ta shaida mashi abin da ta saki da daɗin rai mijinta na raye, ba za ta koma mashi ba don ya mutu. Yazid ya raba kayan ga matan gidanshi.